Birij a tebur ko a intanet: tebur nawa kulob zai rasa kafin ya durƙushe?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu duba abin da ya sami kulob-kulob na birij, wasan karta na mutum huɗu, biyu da biyu, a Ingila da Amurka tun watan Maris na 2020 da korona ta sa aka kulle su. Cikin 'yan makonni hukumomin wasan, ACBL ta Amurka da EBU ta Ingila, suka yarda kowane kulob ya buɗe zamansa a BBO, dandalin birij na intanet, a ci gaba da ba da makin ƙwarewa kamar yadda ake yi a ɗaki. An ɗauka na wucin gadi ne. Cuta ta lafa, aka buɗe ƙofofi, sai ga shi wasu sun riga sun saba da wasa daga kujerar falonsu, musamman masu zaman dare.

A ganina ba sai intanet ta kwashe rabin mutane kulob zai faɗi ba, tebur uku ko huɗu sun isa. Mu ɗauki misali, lissafi ne kawai. Kulob mai tebur 10, mutum 40 ke nan, kowa na biyan fam 3 kuɗin tebur, an tara fam 120. A ce hayar ɗakin fam 70 ce a dare. Ragowar za ta biya abin da EBU ke karɓa a kan kowane kai a kowane zama, a sayi shayi da biskit, har a ajiye na sababbin kati. To tebur su koma 6. Mutum 24, fam 72, mai ɗaki kuwa bai rage ko sisi ba. Daga nan ko a ƙara kuɗin tebur a ƙara korar mutane, ko a yi ta cin ajiya har ta ƙare.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, maganar kuɗi ma da sauƙi, ana iya komawa ƙaramin ɗaki mai araha. Ƙarancin tebur wasan kansa yake ɓatawa.

A kulob, rabon kati ɗaya ake sakawa cikin allo mai aljihu huɗu, allon ya zaga tebur-tebur, a gwada sakamakonka da na waɗanda suka riƙe katin da ka riƙe. Da tebur 9 komai tsaf: tsarin Mitchell, allo 27, uku-uku a zagaye 9. A kowane tebur abokan wasa biyu su ne Arewa da Kudu, sauran biyun Gabas da Yamma: Arewa da Kudu suna zaune, Gabas da Yamma suna hawa tebur na gaba, alluna suna sauka na baya, kowane allo an buga shi sau 9. Da tebur 8 dole Gabas da Yamma su tsallake tebur ɗaya bayan zagaye na huɗu, in ba haka ba za su ci karo da allunan da suka riga suka buga. Ko kuma tebur na 1 da na 8 su yi tarayya a kan alluna, a jingine wasu tsakanin na 4 da na 5. Duk wannan darakta, wato mai tafiyar da zaman, in mai hankali ne zai iya.

In aka sauko tebur 4, sai tsarin Howell: haɗi 8 na mutum biyu-biyu, zagaye 7, allo huɗu-huɗu, 28 ke nan. Kowane allo sau 4 kacal aka buga shi, da mutum uku ake auna ka. A ce ka yi tayin zuciya huɗu, wato alkawarin ci 10 cikin 13 da gidan zuciya a matsayin mai yanka, allon ya nuna ja a gefenku (alamar lada da tara sun ƙaru), ka ci 10 ɗin, maki 620. Wasu tebur biyu ma 620. A na huɗun masu karewa suka yi barci aka ci 11, 650. A lissafin Ingila maki 2 ne ga duk wanda ka fi, 1 ga wanda kuka yi kunnen doki. Ka sami 2 cikin 6, kashi 33 cikin ɗari, alhali ba ka yi kuskuren komai ba. Da tebur 30 ne, barcin nan guda zai bar ka da 28 cikin 58, kashi 48. Gwanaye su ne farkon masu gajiya da irin wannan, kuma in suka tafi sai a ce kulob ya yi sanyi.

Injiniya Tukur: Hajiya, ai hujjar intanet kika kawo da bakinki. Can ne ake samun tebur 30 ɗin. Kuma ku dubi abin da na'ura ta share daga aikin darakta. Ba mai jefa katin wani gida alhali yana da na gidan da aka fara, don manhaja ba za ta bari ba. A tebur wannan kuskuren, in ya tabbata, Doka ta 64 na iya ƙwace maka ci ɗaya ko biyu. Ba tayin da bai haura na baya ba. Ba mai fara jefa kati ba layinsa ba, wanda a tebur sai darakta ya zo ya karanta wa mai kwantiragi, wato wanda zai buga tayin da ya yi nasara, zaɓi biyar yana ta zare ido. Ba aljihu mai kati 14 wani mai 12 don wani ya ƙi ƙirgawa kafin ya duba. Ba wanda zai latsa 3 maimakon 4 a Bridgemate, na'urar shigar da sakamako, abokin hamayya ya amince bai karanta ba.

Sai lokaci. A tebur minti 7 zuwa 7 da rabi ake ware wa allo, zaman allo 24 zuwa 27 ya kai wajen awa uku ko fiye, ban da tafiya da neman wurin ajiye mota. A intanet allo 18 cikin kamar awa biyu, kana gamawa ga kowane tayi da kowane katin da aka jefa a rubuce, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga inda ka zubar.

Hajiya Rabi: Ka manta da rabin tebur, wanda shi ma hujjar masu intanet ne. Haɗi 7 suka zo maimakon 8, dole kowane zagaye wasu su zauna ba wasa. A Howell na tebur 4 allo huɗu ne, wajen rabin awa mutum yana kallon bango. A BBO sai darakta ya zaunar da robot biyu, manhajar da ke wasa a madadin mutum, an wuce wurin. Ban musa ba, Injiniya. Mai shekara 75 da zai tuƙa mota a watan Disamba, inda duhu ke shiga Ingila tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, ya zo ya zauna rabin awa a banza, mako mai zuwa kwamfuta zai buɗe.

Dakta Saude: To ku zo kan maguɗi, don shi ya sa wasu da yawa suka ƙi ɗaukar sakamakon intanet da muhimmanci. Hanya biyu ce babba. Ta farko, mutum ya buɗe asusu na biyu a wata waya ya shiga teburinsa a matsayin ɗan kallo, ga hannu huɗu duk a buɗe. A 2020 manyan 'yan wasa irin su Michal Nowosadzki ɗan Poland da Sylvia Shi ta Amurka da kansu suka fito suka amsa sun yi haka. Wannan an toshe shi da sauƙi: a hana 'yan kallo, ko a jinkirta abin da suke gani kamar yadda wani dandalin, RealBridge, ke yi. Ta biyun ce ba ta toshuwa. Abokan wasa biyu a gida ɗaya, ko waya na kunne, “ina da As na zuciya”, shi ke nan. Ba sai an faɗi kati 13 ba. Sanin gidan da za ka fara jefawa kaɗai ya isa ya juya sakamakon dare.

Injiniya Tukur: Dakta, kamar a tebur waliyyai ne. A gasar duniya ta 1975 a Bermuda, inda aka fara sa shamaki a kan tebur don kada abokai su ga fuskar juna, an zargi wasu 'yan Italiya biyu da taɓa ƙafa ta ƙasa, har sai da aka toshe ƙarƙashin teburin ma. A 2013 a Bali tari aka yi amfani da shi. A 2015 Boye Brogeland ɗan Norway ya tayar da ƙurar da ta girgiza wasan, ana zargin wasu da ba da alama ta wurin da suke ajiye allo, wasu ta yadda suke kwantar da kati, a tsaye ko a gicciye. Na 2013 da na 2015 duka da shamaki da kyamara a kansu.

Dakta Saude: Haka ne, amma dubi wahalar da waɗancan suka sha: su shirya lambar sirri, su haddace, su yi ta a gaban jama'a zuciya na dukan uku-uku. A gida ba abin da za ka shirya. Mutumin da ba zai taɓa leƙa katin maƙwabcinsa a ɗaki ba yana iya faɗawa, don ba ido a kansa.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne wajen kamawa. A ƙaramin kulob ba mai rubuta katin da aka jefa, zargi sai ya tsaya a gulma. A intanet dubban hannuwa suna ajiye. ACBL ta ɗauki manhaja mai suna EDGAR da ke bin su, tana duba abubuwa kamar katin farko. Wanda ke yawan fara jefa ƙaramin kati daga ƙarƙashin As a kwantiragin da ke da gida mai yanka, abin da gwani ke gudu, kuma kullum sai ya tarar da Sarki a hannun abokinsa, lissafi zai nuna shi. Hannu ɗaya ba hujja ba ne, ɗaruruwa ne hujja. Sai dai kafin a tara ɗaruruwan nan an riga an cuci mutane wata da watanni, kuma ƙaramin kulob da kowa ya san kowa, wa zai kai ƙarar ma'ajinsa da matarsa?

Ɗanlami: Iyayena a yi mini haƙuri, tambaya ce. Na ga a BBO ni ke bayyana ma'anar tayina, a littafin doka kuma an ce abokina ne zai faɗakar. Wanne ne daidai?

Alhaji Isiyaku: Duka daidai ne, ɗana, kowanne a muhallinsa. A tebur in ka yi tayin da ke da ma'ana ta yarjejeniya, abokinka ne ke ɗaga katin faɗakarwa, shi ake tambaya. A Ingila in ka buɗe da 1NT, tayin da ba shi da gida mai yanka, shi ne ma zai furta adadin makin manyan katin da tayin ke nufi, misali 12 zuwa 14, a Amurka galibi 15 zuwa 17. Illar ita ce kai ma kana jin bayaninsa. In ya faɗi abin da ba shi kake nufi ba, ka gane kun saɓa, kuma Doka ta 16 ta hana ka amfani da wannan sanin. Dole ka ci gaba kamar ba ka ji ba, ko da rami kuke nufa. A BBO kai ke rubuta bayani, abokan hamayya kaɗai ke gani, abokinka bai san me ka ce ba. Nan intanet ta fi tsabta, ba ja.

Wajen jinkiri ne ta rikita mu. A tebur in mutum ya yi dogon tunani sannan ya ce ya wuce, kowa ya gani, an san yana da abin tunani, an ɗaure hannun abokinsa. Shi ya sa a Ingila har yau ake ajiye katin tsayawa kafin tayin tsalle, wato mai tsallake mataki, na gaba ya jira kamar daƙiƙa 10 ko yana da abu ko ba shi da shi. ACBL ta soke katin a 2018 amma ta bar jiran. To a intanet an yi shiru daƙiƙa 20. Tunani ne? Sabis ne ya tsaya? An buga ƙofa ne? Darakta ba shi da yadda zai tantance, abokin wasa kuwa sau da yawa ya san halin nasa.

Sai neman a mayar da kati. Shawarata ga mai shirya zama ya faɗi ƙa'ida tun farko: a yarda a gyara tayi in yatsa ne ya zame kuma abokin bai riga ya yi nasa ba, kati kuwa in ya sauka ya sauka. In aka bar abin a buɗe, mai canza ra'ayi ma zai ce yatsa ne. Kowa ya kunna wurin da ke neman tabbatarwa kafin kati ya fita, musamman mai wasa a waya.

Malam Habu: Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya taɓa abin da ya fi damuna. Wa ke samar da sababbin 'yan wasa? Matsakaicin shekarun membobin ACBL ya haura 70. Kowace shekara ana rasa mutane ta hanyar da ba makawa. Intanet tana cin moriyar waɗanda kulob ya riga ya koyar.

Ku dubi yadda ake raino. A fara da ƙaramin birij marar tayi: kowa ya ƙirga makinsa, As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, jimla 40 a karta, ɓangaren da ya fi yawa ya ɗauki kwantiragi, a koyi jefa kati tukuna. Bayan makonni a shigo da tayi kaɗan-kaɗan. Sannan zaman gwaji, malami na yawo tsakanin tebur, ɗalibi ya ɗaga hannu a zo a duba katinsa a raɗa masa. Sai a ƙarshe a haɗa shi da wani dattijo mai haƙuri ya shiga zaman kulob na gaske. Wannan mataki na ƙarshe nan ake zubar da mafi yawa, kuma abin da ke riƙe su shi ne hutun shayi da wanda zai ce “kada ka damu, kowa ya yi wannan”. Sabon da aka jefa babban ɗakin BBO da baƙin da ba su san shi ba, ya yi kuskure ɗaya abokin ya rubuta masa baƙar magana ya fice a tsakiyar hannu, da wuya ya dawo.

Injiniya Tukur: Malam, babban ɗakin BBO ka ɗauka ka auna intanet duka da shi. RealBridge da ya fito a 2020 da hoto da murya yake, kana ganin mutum ukun da ke teburinka, da sunansu na gaskiya, malami na iya shiga tebur-tebur. Ga robot ga mai jin kunya: ya buga hannu 50 a manhajar Funbridge ko da GIB, robot ɗin BBO, ba mai harararsa. Ɗalibi a ɗaki hannu nawa yake samu a darasin awa biyu? Shida ko takwas in an yi sauri.

Malam Habu: Robot zai koya maka ƙirga kati, na yarda. Amma wanda ya tashi a hannun robot in ya zo tebur bai iya jera kati 13 a hannunsa ba, bai san shi zai tuna kwantiragi ba don ba allon da ke nuna masa, bai san yadda ake ajiye katin da aka ci a tsaye wanda aka rasa a kwance ba. Ranar farko sai an kira masa darakta sau uku, kunya ta kore shi. Darasin RealBridge kuwa, wa ke shirya shi? Malaman kulob ɗin nan ne dai.

Alhaji Isiyaku: Akwai wani abu da ya faru a Amurka da ya kamata a sa a lissafi. Da ACBL ta buɗe zaman kulob a BBO, ta ƙayyade cewa na mutanen kulob ɗin ne, baƙi kaɗan ake bari, don kuɗin kowa ya koma gidansa. Sai kulob-kulob suka fara haɗa rajistarsu suna yin zama ɗaya babba. Tunda yawan makin ƙwarewa da ake rabawa yana bin yawan tebur, mai neman maki zai bi babban zama. Kifi na ganinka mai jar koma: ƙaramin kulob mai tebur 5 a intanet ba ya iya gasa da mai 40, ko ya shiga haɗakar a ba shi ɗan kasonsa, ko ya rufe. A ɗaki nisa ke kare ƙaramin kulob, ba mai tuƙa awa biyu don ƙarin maki. A intanet ba nisa.

Hajiya Rabi: Masu cewa a gauraya, a buga alluna ɗaya a ɗaki da intanet a haɗa sakamako, ga yadda ake yi da inda yake lalacewa. A fitar da rabon kati a kwamfuta a fayil ɗin PBN. A ba injin raba kati, Duplimate ko Dealer4, ya cika alluna. A ɗora rabon nan a dandalin intanet. A fara lokaci ɗaya, a ƙarshe manhajar lissafi ta haɗa sakamakon biyu.

Matsala ta farko, 'yan intanet za su riga gamawa da kusan awa guda, kuma suna gamawa hannuwa suka buɗe musu, alhali a ɗaki ana tsakiyar wasa da waya a aljihun kowa. Dole a kashe wayoyi, a kuma daidaita yawan alluna. Ta biyu, a yawancin zaman intanet kowa allo ɗaya yake bugawa a lokaci ɗaya, daga na 1 zuwa sama, a ɗaki kuwa wani tebur da allo na 19 zai fara, wani sai ƙarshen dare zai ga na 1. Ta uku, mutum ɗaya ne ke riƙe da fayil ɗin kwana ɗaya ko biyu kafin wasa, in shi ma zai buga to kada ya buɗe shi, kuma a tabbatar ba rabon makon jiya aka sake ɗorawa ba. Wannan kuskuren yana faruwa, sai a zagaye na biyu wani ya ce ai na san hannun nan. Darakta biyu ake bukata, ɗaya a ɗaki ɗaya a kwamfuta, alhali ɗayan ma da ƙyar ake samun mai sa kai.

Ni na fi ganin a raba kwanaki: rana a ɗaki, dare a intanet, kuɗin duka ya shiga asusu ɗaya.

Ɗanlami: Ga mu da ke gida Najeriya fa? Data da wuta su ne abin ji. Kuma da an ga karta sai a ce caca.

Dakta Saude: BBO ba ya cin data sosai, rubutu ne da hoton kati. RealBridge ne mai ci saboda bidiyo, in sabis ya yi rauni ka kashe kyamara ka bar murya. Ka cika cajin waya kafin a fara, don in ka yanke ka daɗe darakta zai sa wani ko robot a kujerarka. Agogon Najeriya ɗaya yake da na Ingila daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni muna gaba da awa guda, zaman ƙarfe 7 nasu ya zama 8 namu. Batun caca, akwai birij da ake bugawa da kuɗi, amma irin na kulob da muke magana ba a zuba komai a kan hannu. Kuɗin shiga ne, abin da ake ci maki ne. Hukuncin karta ita kanta kuwa sai ka tambayi malamai, ba fagena ba ne.

Alhaji Isiyaku: Hajiya, kan raba kwanaki, a ƙara abu biyu in ana so zaman rana ya tsaya da ƙafarsa. A sa mutane su rubuta suna kafin ranar, don darakta ya san tsarin da zai shimfiɗa tun a gida. Sannan a naɗa mai masauki na kowane mako, mutum ɗaya da zai zo ba abokin wasa: in wani ya zo shi kaɗai su haɗu, in ba a bukace shi ba ya koma gida a ba shi zama na gaba kyauta. In kuma haɗi biyu ne masu jiran kira a kusa, rabin tebur ya kau. Wanda matarsa ko mijinta ya rasu, abokin wasan shekara 30 ya tafi ke nan, kuma ba zai buga waya yana roƙon a yi wasa da shi ba.

Injiniya Tukur: Alhaji, mai masaukin nan ma a jadawali za a sa shi, kuma mutum biyar ɗin da ke jera tebur su ne za su sake ɗauka. Malam Habu, a lissafinka na farko ka sa darakta a fam nawa?

Malam Habu: Sifili. Shi da mai raba alluna da mai wanke kofuna.